Kafin Mu Ce Shayi Ruwa Ne: Tarihin Ganyen da Muke Sha da Manomansa na Kan Tsauni

Tun farko ku yi mini afuwa, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Wanda ke sauri ya ajiye shi sai bayan Isha'i, in da kofin shayi a hannu ma ya fi.

Makon jiya wani abokin aikina ya dawo daga kwas a ƙasar waje, ya kawo mana tsaraba ofis. Ni rabona ya faɗo kan wani ɗan gwangwanin ganyen shayi na ƙasar Tailan. A jikinsa akwai hoton wata dattijuwa da kwando a baya. An rubuta sunan ƙauyen da aka tsinko ganyen, da ƙabilar masu nomansa, da cewa ba a sa masa takin zamani ba, ba a yi masa feshin magani ba, kuma wai wani kaso na kuɗin da ka biya yana komawa hannun manoman kan tsaunin. Da ya lissafa mini kuɗinsa a naira sai da na riƙe baki.

Da daddare na tafi da shi teburin mai shayin unguwarmu, nan wajen Ƙofar Ƙaura. Ya jujjuya gwangwanin, ya buɗe ya shinshina, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai na masu ciwon suga ne, ba zai ɗauki madara ba." Aka kwashe da dariya. Sai na tambaye shi, shi ganyen da yake dafa mana sama da shekara goma, daga ina yake zuwa? Ya ce daga kasuwa. Na ce kafin kasuwa fa? Ya ce wani daga Legas, wani ta Maraɗi. Na ce to kafin nan? Ya ce, "Wannan kuma sai ku 'yan boko." Mu shida ne a bencin, uku masu digiri, babu wanda ya iya faɗin wa ya shuka abin da ke cikin kofinsa. Kuma ni na fi kowa jin kunya, don a Gembu na yi bautar ƙasa, kan tsaunin Mambila, inda ake noman shayi a cikin Nijeriya. Na gani da idona, amma tunda na sauko ban taɓa shiga kanti na ce a ba ni na can ba.

Bari mu fara da sunan, don shi kansa tarihi ne. Asalin ganyen nan daga kudu maso yammacin ƙasar Sin yake da tsaunukan da ke maƙwabtaka da ita. Inda ya bi ta tudu, da ayarin raƙuma, sunan "ca" ya bi shi: Farisa suka ce cay, Larabawa suka ce shay, mu muka ce shayi. Inda ya bi ta teku, daga tashoshin lardin Fujiyan, sunan "te" ya tafi da shi, har ya zama ti a bakin Bature, mu ma muka ara muna cewa ti da burodi. Masana harshe na danganta atay na mutanen Maroko da wannan reshe na biyu, kuma daga nan aka samu ataya da samari ke dafawa a majalisa. Ashe a bakinmu kaɗai ganye ɗaya na da suna uku, kowanne da hanyar da ya biyo.

Kakanninmu dai ba da shayi suke karya kumallo ba. Koko ne da ƙosai, da kunu, da ɗumame, sai fura in rana ta yi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawon ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shigo Katsina a farkon 1851, ya sake dawowa a 1853. Da ya isa Tambutu a wannan shekarar ya lura cewa Larabawan garin sun riƙi shayi abin sha na kullum, amma ya fi ƙarfin aljihun talaka. A daidai wannan lokacin ne, wajen 1854, yaƙin Kirimiya ya toshe wa 'yan kasuwar Ingila wasu kasuwanninsu na arewacin Turai, suka juyo da koren shayin Sin zuwa tashoshin ruwan Maroko. Ya yi araha a can, ya gangaro Sahara, ya shiga rayuwar Buzaye har ya zama kamar da shi aka halicce su. Mu nan Katsina, da yawanmu a hannun Buzaye muka fara ganin 'yar buta kan gawayi da ƙananan kofuna, musamman bayan farin 1973 da na 1984 da ya koro su kudu, wasu suka kama aikin gadi a gidaje da ma'aikatu. Shi kuwa baƙin shayi mai madara, ta teku ya zo da Turawan mulki, ya bi kantuna da bariki da tashoshin jirgi da na mota, har ya kafa tebur a kowace unguwa.

To wa ke tsinkar ganyen? Nan tarihin ya daina daɗi.

Har zuwa farkon ƙarni na 19, kusan Sin ce kaɗai ke sayar wa Turai shayi, kuma azurfa take karɓa. Don su cike giɓin, Ingilishi suka riƙa loda mata ofiyom daga Indiya. Da Sin ta hana, aka yi yaƙi daga 1839 zuwa 1842. A gefe guda suna neman inda za su noma nasu. A 1823 wani Bature mai suna Robert Bruce ya samu labari a yankin Asam, arewa maso gabashin Indiya, cewa wata ƙabilar bakin tsauni da ake kira Singfo ta daɗe tana shan ganyen wata bishiya da ke fitowa a dajinsu. Aka bincika, ashe shayi ne. A farkon 1839 aka yi gwanjon shayin Asam na farko a Landan, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Assam Company. A 1848 kamfanin East India ya tura Robert Fortune ya shiga Sin da shigar burtu, ya kwaso iri da dashe, daga baya har da ƙwararrun masu sarrafawa.

Ku lura fa: mutanen tsaunin da suka nuna ganyen ba su ne suka ci moriyarsa ba. An yanka dajin aka ba kamfanoni, aka kwaso leburori daga tsakiyar Indiya bisa kwantiragin da in ka gudu ka bar aiki, kama ka ake yi kamar ɓarawo. Jikokinsu na nan a gandayen Asam har gobe, suna cikin mafi ƙarancin albashi a ƙasar. Haka aka yi a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. James Taylor ya fara gonar shayi a 1867, cuta ta cinye gonakin kofi, shayi ya maye gurbi, aka kawo Tamilawa daga kudancin Indiya su yi tsinka. Thomas Lipton, wanda sunansa ya zama sunan ganyen shayi a bakinmu, a 1890 ya sayi gandayensa a can. Da tsibirin ya samu 'yanci a 1948, dokar zama ɗan ƙasa ta bar dubban ɗaruruwan waɗannan ma'aikata ba su da ƙasa. Duk wannan yana cikin kofin nan da muke cewa a ƙara mana kauri.

Wannan tarihin ne ya haifi irin rubutun da na gani a jikin gwangwanin tsarabata. A arewacin Tailan akwai ƙabilun kan tsauni irin su Akha, Lahu, Lisu da Hmong. Shekaru da dama abin da ke kawo musu kuɗi shi ne noman ofiyom, wanda ake tace hiroyin daga gare shi. Gwamnati ta haramta shi tun ƙarshen shekarun 1950, amma haramci bai cika tukunya ba. A 1969 Sarki Bhumibol ya kafa wani shiri na fada, wanda ya ce a fara ba manomi abin da zai maye gurbin ofiyom, a tabbatar yana da mai saye, kafin a zo maganar tumɓuke gona. Aka kai musu kofi da 'ya'yan itatuwa da kayan lambu da shayi, aka yi hanyoyi, shirin kansa ya riƙa saye yana kai wa birni. An ɗauki shekaru ana yi. Yau tsaunin Mae Salong a lardin Chiang Rai, wanda a da ya yi suna wajen fataucin ofiyom, da shayi aka san shi.

Su kuma masu sha a Turai, wasu sun fara tambayar da na yi wa mai shayinmu. A 1988 aka fito da tambarin Max Havelaar a Holan, don kofin wasu ƙananan manoman tsaunukan Meziko, wanda shi ne ya girma ya zama Fairtrade. Ma'anarsa a saya a farashin da ba zai faɗi ƙasa da wani mizani ba, a kuma ƙara wani abu a kai wanda manoma za su yanke shawarar abin da za su yi da shi, ko rijiya ko aji ko ɗakin shan magani. Sai kuma tambarin oganik, wato noman da babu takin zamani babu feshin guba, wanda sai mai duba gona ya zo ya tabbatar kafin a ba ka takarda.

Amma kada hoton dattijuwa ya ruɗe mu. A 2015 BBC ta shiga wasu gandayen Asam masu ɗauke da tambarin shaida, ta tarar da gidajen ma'aikata na yoyo, bayan gida ya lalace, masu feshi ba kayan kariya. A 2023 ta sake fito da binciken yadda wasu shugabannin aiki ke lalata da mata masu neman aikin tsinka a manyan gandayen Kenya. Takarda a jikin kwali tana da amfani, amma mai duba gona sau ɗaya yake zuwa a shekara, manomi kuwa kullum yana wurin.

Yanzu mu dawo gida. Wanda bai taɓa hawa Mambila ba, ba zai yarda Nijeriya ce ba. Daga Jalingo ka bi ta Bali da Serti, a Mayo Selbe mota ta fara hawa, tana nishi tana kwana, kunnenka na toshewa, har ka fito wani fili na ciyawa kore shar wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. Ni Bakatsine da na saba da zafin Afrilu, sai ga ni da rigar sanyi biyu da tsakar rana. Ruwan da ke sauka can a shekara ya ninka namu fiye da sau biyu. Abin da shayi ke so ke nan: sanyi, ruwa mai yawa, da ƙasa mai tsami. Shi ya sa ko mun so ba za mu noma shi a Ajiwa ko Jibiya ba.

Yankin ma da ƙyar ya zama namu. Jamus ce ta fara mallakarsa a cikin Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin riƙon amana. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen arewacin wannan yanki suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta Sardauna ake kiranta, a jihar Taraba da aka ƙirƙiro a 1991. Mambilawa ne da Kaka da Fulani da Panso da Kambu, ga kuma Hausawa 'yan kasuwa a Gembu da Nguroje, waɗanda wasunsu in ka bi salsala za ka tarar daga nan ƙasar Katsina kakanninsu suka tashi.

A tsakiyar shekarun 1970, lokacin kuɗin mai, aka kafa gandun shayi da masana'anta a Kakara, aka kawo dashe daga Kenya. Ganyensu shi ne Highland Tea. Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda shayi ma ke ƙarƙashinta, tana da reshe a Kusuku. Bayan gandun kamfani, akwai ƙananan manoma a ƙauyukan kewaye masu 'yan gonakinsu, suna tsinka suna sayar wa masana'antar. Kamfanin ya sha faɗi-tashi irin na masana'antunmu, musamman kan wutar lantarki, har aka gina masa ƙaramar tashar wuta ta ruwa a madatsar Tunga, mai kilowat 400, da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin Darius Ishaku, daga 2015 zuwa 2023, ta zuba kuɗi ta farfaɗo da shi, ta kuma yi ta tallarsa. Duk da haka mafi yawan shayin da ake sha a ƙasar nan daga waje yake zuwa, da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, aka kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli, kowa ya ji a kofinsa.

Na taɓa bin wani ɗalibina gonar mahaifiyarsa wata Asabar da sassafe. Gajimare na yawo a ƙasa, raɓa ta jiƙe mu har gwiwa. Ta nuna mini yadda ake yi: toho ɗaya da ganye biyu na sama kaɗai ake cirewa, a jefa a kwandon baya. Na gwada minti goma, yatsuna suka ƙage don sanyi, abin da na tara bai cika tafin hannu biyu ba. Ta yi dariya ta ce, "Malam, koma ka riƙe allinka." Sai an tara ɗanyen ganye kilo huɗu da wani abu kafin a samu kilo ɗaya na busasshe. Ƙullin nan guda da mai shayi ke jefawa a kofi kuwa giram biyu ne. Wato kilo ɗaya zai ba da kofi kusan 500. Ku ɗauki kuɗin kofi ɗaya ku lissafa, sannan ku tambayi kanku nawa ne a ciki ya isa hannun matar nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Shayi ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka jira farashi ya tashi. Daga tsinka, cikin 'yan sa'o'i dole ya isa masana'anta, a baza shi ya yi laushi, a niƙa, a bari ya sha iska ya yi duhu, a busar. In ya kwana a buhu ya ɗumama, ya lalace. Itacen kuma sai ya shekara uku ko fiye kafin ya fara ba da amfani, sannan ya rayu fiye da shekara hamsin, don haka ba abin da za ka tumɓuke bana ka shuka masara baɗi ba ne. Manomin da ke da kaya mai lalacewa, da itacen da ba ya canzuwa, da mai saye ɗaya tal a kusa, ko a wace ƙasa yake, ba shi da bakin ciniki. Duk yadda sikeli ya ce, haka ne. Duk ranar da aka ce a dawo karɓar kuɗi, ranar ce.

Mu Katsinawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Ku tambayi dattawan Funtuwa da Malumfashi da Bakori labarin kaɗa. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila, BCGA, da aka kafa a 1902, ita ta kawo injinan gurza, ita ke raba iri. Daga 1949 hukumar cinikin amfanin gona ke yanka farashi, manomi ya kai fuloti, malamin awo ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, ba ka da ta cewa. Rarar da aka tara da kaɗa da gyaɗa ta yi wa Arewa ayyuka, ba musu, amma daga guminsa aka cira. Da aka rushe hukumomin a 1986 aka ce an 'yanta manomi, sai ya faɗa hannun 'yan baranda, ba tabbacin iri, ba tabbacin farashi. Masaƙun Kaduna da Kano suka bi suka durƙushe. A duka tsarin biyu, ba a taɓa ba manomin kujera a inda ake yanke magana ba.

Akwai ƙasar da ta gwada ba shi kujerar, kuma ita ce inda aka samo dashen Mambila. An fara shuka shayi a Kenya a 1903, amma Turawa suka hana baƙar fata nomansa. Sai da tawayen Mau Mau ya girgiza su, aka fito da tsarin Swynnerton a 1954 aka buɗe ƙofa. A 1957 aka gina masana'antar ƙananan manoma ta farko a Ragati, a 1964 aka kafa hukumar KTDA, a 2000 aka miƙa ta ga manoman. Yau ƙananan manoma sama da 600,000 ne ke da hannun jari a masana'antun da suke kai wa ganye. Su ke zaɓen daraktoci. Ana biyansu duk wata kan kilon da suka kai, in shekara ta zagayo a raba musu ribar gwanjon Mombasa. Da wannan tsari Kenya ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da baƙin shayi. Ba aljanna ba ce, sun yi ta kuka da shugabanninsu har aka yi sabuwar dokar shayi a 2020, kuma farashi na faɗuwa ya taɓa su. Amma manomin da bai yarda da sikeli ba yana da taron da zai tashi ya yi magana, yana da ƙuri'ar da zai kayar da darakta.

Maganar oganik kuma, a yi ta da hankali. A Afrilun 2021 shugaban Siri Lanka Gotabaya Rajapaksa ya wayi gari ya hana shigo da takin zamani, wai ƙasar gaba ɗaya ta koma oganik. Shinkafa ta faɗi, shayi ya faɗi, kafin ƙarshen shekara aka janye dokar, a Yulin 2022 shi kansa ya tsere daga ƙasar. Gonar itace irin shayi sai ta yi shekara uku ba taki ba feshi kafin a ba ta takardar shaida, kuma a wannan tsakanin amfani na raguwa, ga kuɗin mai duba gona da ake biya da kuɗin waje. Ƙaramin manomi shi kaɗai ba zai iya ba. Sai in sun haɗu a ƙungiya an ba su takarda ɗaya, kuma akwai mai saye da ya yi alkawarin ƙarin farashi tun kafin a fara. Mambila na da abin da wasu ke nema ido rufe, wato shanu, don haka takin gargajiya ba zai yi wuya ba. Sai dai wannan na buƙatar zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi, kuma duk mai bin labarai ya san jinin da aka zubar a tsaunin nan a Yunin 2017 kan rikicin ƙasa. Duk wanda zai faɗaɗa gonar shayi a can, ya fara da tambayar ƙasar wa za a shuka a kai.

To mu da ke nan, me ya rage mana?

Na farko, mu nemi na gida da sunansa. Ɗan kasuwa ba ya sarin abin da ba a tambaya. In mutum goma suka shiga kanti ɗaya a Babbar Kasuwa suka ce shayin Mambila suke so, mako mai zuwa za su gan shi a kanta.

Na biyu, wannan namu ne ma'aikata. Babu taron bita ko zaman kwamiti da ake yi ba a dafa shayi ba. Tun Mayun 2017 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 da ya ce ma'aikatun tarayya su fifita kayan gida wajen sayayya. Ko bai hau kan jiha ba, babu abin da ya hana jami'in sito ya rubuta na gida a takardar oda. Ni dai na yi wa namu magana, ya ce zai duba.

Na uku, kada kishin ƙasa ya sa mu daina tambaya. Kasancewar abu na gida bai wanke shi ba. Tambayoyin da Bature ke yi wa shayin Tailan su za mu yi wa namu: nawa ake biyan kilon ɗanyen ganye, bayan kwana nawa ake biya, wa ke duba sikelin, kuma manoman na da hannun jari ko wakili a hukumar gudanarwa? Tunda kamfanin na gwamnatin jiha ne, 'yan majalisar Taraba na da hurumin neman a riƙa bayyana waɗannan a fili.

Na huɗu, mu waiwayi namu ganyen. Zoɓon da matan karkara ke ɓarewa a Katsina da Jigawa da Kano, yatsunsu su yi ja, ana loda shi a kwantena zuwa Meziko da Turai, a can a zuba a ƙananan ƙulli a sayar da sunan shayi. Babu sunan ƙauyenmu ko ɗaya a jikin kwalin. Haka riɗi. In ƙauyen kan tsauni a Tailan ya iya sa sunansa a gwangwani har ya iso ofishinmu a Katsina, me zai hana ƙungiyar mata masu zoɓo ta yi? Abin da ake buƙata shi ne rajista, da wurin shanya mai tsabta, da rikodin wa ya kawo me, da jami'in gona da zai tsaya musu. Ma'aikatun gona da na ciniki na jiha, ga aiki.

Daren jiya na koma teburin mai shayinmu na ba shi wannan labarin a taƙaice, yana soya ƙwai yana saurare. Da na gama ya ce, "Yallaɓai, ni ba ni da gardama. In ya ɗauki madara, kuma kuɗinsa bai fi wanda nake saye ba, ka kawo in gwada." Na ga gaskiyarsa, shi ma ƙaramin ɗan kasuwa ne mai iyali. Na riga na kira wani tsohon ɗalibina a Jalingo zai sako mini kwali biyu a mota. In ya iso, ranar Asabar bayan Isha'i za a dafa, duk wanda ke kusa ya zo, kofin farko a kaina.

'Yan'uwa na Taraba da ke cikin abokaina a nan, musamman na Gembu da Nguroje da Kakara, filin naku ne, ku faɗa mana yadda manoman ke ciki a bana. Allah Ya sa wa manomanmu albarka a guminsu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.